Ɗana na yawan haɓo, amma an ce jininsa ƙalau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara shida yana yawan haɓo, dasashinsa na jini in yana goge baki, ranar kaciyarsa kuwa sai da aka yi masa ƙarin jini. Sau biyu ana ƙirga ƙwayoyin jininsa ana cewa daidai suke. Ni da babansa 'ya'yan wa da ƙane ne, dukkanmu kuma AA ne. Wane gwaji ya rage? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Batun AA ki ajiye shi gefe, wannan gwajin sikila ne, ba ruwansa da zubar jini.

Ƙwayoyin da ke toshe rauni, waɗanda likitoci ke kira filatilet, mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini. To amma ƙirge ba ya nuna ko suna aiki. A cutar Glanzmann, wadda wani likitan yara ɗan Suwizalan ya bayyana a 1918, adadin cif yake, sai dai ƙwayoyin ba sa manne wa juna. Sai yaro ya gaji matsalar daga uwa da uba duka kafin ta bayyana, shi ya sa ta fi yawa inda ake auren zumunci. Iyayen ba sa jin komai, amma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

Ki nemi likitan jini a asibitin koyarwa. Zai fara da gwajin PT da APTT, masu auna saurin daskarewar jini, da na cutar von Willebrand, domin ita da hemofiliya, cututtukan zubar jini na gado, sun fi cututtukan filatilet irin Glanzmann yawa, musamman ga namijin da ya zubar da jini wajen kaciya. Sannan a shafa ɗigon jini a gilashi a duba da madubin likita. Kada a tsallake wannan, ga shi da araha. A cutar Bernard-Soulier, wata cutar filatilet ta gado, ƙwayoyin manya-manya ne, wasu sun kusa jar ƙwayar jini girma, sai inji ya ƙi lissafa su, adadin ya fito ƙasa. Masu wannan cuta da yawa an yi ta ba su maganin siteroyid, wasu har an cire musu saifa, bisa zaton garkuwar jiki ce ke cinye ƙwayoyin.

Gwajin da ya fi dacewa da ɗanki shi ne na haɗuwar ƙwayoyin. Ana zuba musu sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ADP, kolajin, adirenalin da ristosetin, a ga ko za su dunƙule. Mai Glanzmann ristosetin kaɗai yake amsawa, mai Bernard-Soulier kuwa ristosetin ɗin kaɗai yake ƙi. Wajen ɗibar jinin wannan gwaji da ajiye shi ne aka fi samun ɓarna. Jinin a kwalba mai shuɗin murfi ake ɗibarsa, a cika ta har layi, a gama aiki cikin awa huɗu. Ba a sa shi a firji ko cikin ƙanƙara, sanyi na lalata ƙwayoyin. Don haka yaron za ki kai inda injin yake, ba jinin za a ɗora wa mota ba. Asfirin kuma na kashe aikin ƙwayoyin kwana 7 zuwa 10, ibuprofen ma na taɓa su na 'yan kwanaki. In an yi masa ƙarin jini kwanan nan, ko yana fama da maleriya, ki faɗa, a ɗaga ranar.

Gwajin ƙwayoyin halitta shi ne na ƙarshe, shi kuwa yana jure tafiya: mililita 2 zuwa 5 a kwalba mai murfi shunayya, ana iya aika shi ko ƙasar waje. Ga Glanzmann ana duba ƙwayoyin halitta biyu, ITGA2B da ITGB3. Amfaninsa babba shi ne, da zarar an gano ainihin canjin da ke gidanku, ana iya gwada ƙannensa da 'yan uwan da ake shirin haɗawa aure. Wani lokaci sakamako kan zo da canjin da ba a tabbatar yana jawo cuta ba, sai an gwada ke da babansa a warware.

Kafin sakamako ya fito, farasitamol kaɗai don zazzaɓi ko ciwo. Ban da cire beli, tsaga ko ƙaho wajen wanzami, kuma a sanar da likita kafin cire haƙori. In haɓo ya taso, ya sunkuyar da kai gaba, ki matse laushin hancin minti 10 ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba. Ya ƙi tsayawa bayan karo na biyu, sai asibiti.