Kwana uku a makaranta, biyu a gida: amsa ga uban da zai kawo yaronsa Ingila

Malam, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu aiki a Ingila, za ka taho da iyali, cikinsu da yaronka ɗan shekara 13 mai otizim (lalurar da ke shafar mu'amala da mutane da jure wa hayaniya), wanda hayaniyar aji ke jigata shi tun kafin rana ta raba. An gaya maka cewa a nan ana barin irinsa ya yi kwana uku a makaranta, biyu a gida, kana tambaya ko gaskiya ne, kuma ta ina ake nema.

Ana yi. Sai dai ba haƙƙinka ba ne da za ka buga tebur a kai, kuma abin da aka ba ka labari a dunƙule, tsari uku ne daban-daban. A ido kamarsu ɗaya, yaro yana gida da rana tsaka. A doka kuwa kowanne da wanda nauyi ya hau kansa. Iyaye da yawa sun sa hannu a ɗaya suna zaton ɗayan ne. Kuma duk abin da za mu faɗa na Ingila ne kawai, Sikotland da Weles da Arewacin Ayalan kowacce da nata tsarin.

Tushen maganar sashe na 7 ne na Dokar Ilimi ta 1996. Ya ɗora wa iyaye, ba makaranta ba, tabbatar da cewa yaro daga shekara 5 zuwa 16 yana samun ilimi na cikakken lokaci da ya dace da shekarunsa da iyawarsa da buƙatarsa ta musamman, ko a makaranta ko ta wata hanya. Riƙe wannan "cikakken lokaci", komai a kansa yake juyawa.

Na farko shi ne wanda suke kira fileksi. Sunan yaro yana rajistar makaranta, yana zuwa wasu ranaku, sauran ranakun kai ne malaminsa, kai ne mai biyan duk abin da karatun gidan zai ci. Kai ke roƙo, shugaban makaranta ke da wuƙa da nama. In ya ce a'a, babu wata kotun ɗaukaka ƙara da aka tanada don wannan, kuma in ya yarda yau, yana iya janyewa gobe. Ranakun gida ana rubuta su a rajista a matsayin rashin zuwa da izini, ba a matsayin halarta ba, to suna ja wa makaranta alƙaluman halartarta ƙasa, waɗanda Ofsted, hukumar sa ido kan makarantu, ke dubawa. Wannan shi ya sa shugabannin sakandare da yawa ba sa ko son jin zancen. A ƙananan firamare aka fi samun masu yarda.

Na biyu shi ne rage sa'o'i na ɗan lokaci. Nan yaro ba ya samun cikakken ilimi, an dai sassauta masa ne saboda lalura, misali rashin lafiya ko fargabar da ta hana shi shiga aji. Ƙa'idar halarta da Ma'aikatar Ilimi ta mayar dole a watan Agustan 2024 ta ce sai a yanayi na musamman ƙwarai ake yi, sai da yardar iyaye, da ranakun bita, da ranar da ake sa ran ƙarewa, kuma ba a yin sa don maganin halin yaro. Alamarsa a rajista C2 ce.

A nan ne ake cutar baƙi. Makaranta ta kira ka ta ce yaro ba ya jurewa, a gwada masa awa biyu da safe. Ka ga kamar an tausaya maka. Wata shida ya wuce, yaro na nan a awa biyu, babu takarda, babu ranar bita, babu wani taimako da aka ƙara don ya koma. Makaranta ta huta da shi, kuɗin da take karɓa a kansa bai ragu ba. Haka kuma kiran da ake yi da rana a ce "zo ka ɗauke shi ya huce a gida" ba tare da takardar dakatarwa ba, doka ba ta yarda da shi ba ko da ka amince. Kana da ikon ƙin rage sa'o'i. In kuwa ka ga yana da amfani, kada ka yarda sai an rubuta mako nawa ne, me za a yi a cikinsu, da yadda za a riƙa ƙara sa'o'in.

Na uku shi ne ilimi a wajen makaranta da ƙaramar hukuma ke shiryawa kuma take biya, a ƙarƙashin sashe na 61 na Dokar Yara da Iyali ta 2014. Ana iya yin sa ga wani ɓangare na karatun yaro ko gaba ɗayansa: malami mai zuwa gida, karatu ta intanet, wurin koyon sana'a. Shi ya fi sauran sauƙi ga aljihunka, shi ya fi wuyar samu, don sai hukuma ta gamsu cewa bai dace a yi wa yaron wannan tanadi a cikin makaranta ba. Kuma ba ka kusantarsa sai yaro yana da takardar EHCP.

Wannan takarda ita ce ya kamata ka fara bi, ba rage kwanaki ba. Tsari ne a rubuce na ilimi da lafiya da kulawa, kuma abin da aka rubuta a sashenta na F dole ne ƙaramar hukuma ta samar da shi. Ba ka buƙatar izinin makaranta kafin ka nema, wasiƙa za ka rubuta wa hukumar da gidanka yake cikinta ka ce a tantance yaron. Suna da mako 6 su ce za su tantance ko a'a, mako 20 daga ranar nema su fitar da takardar ƙarshe, kai kuma kwana 15 ka yi gyara a daftarin. A aikace, kusan rabin takardun ba sa fitowa cikin mako 20 ɗin, saboda haka ka sa ran jinkiri. In sun ƙi, kana da wata biyu ka kai ƙara kotun musamman ta wannan fanni, bayan ka tuntuɓi mai sulhu ya ba ka shaida. Kyauta ce, kuma mafi yawan ƙararrakin da ake yanke wa hukunci iyaye ne ke samun aƙalla wani ɓangare na abin da suka nema.

Da daftari ya zo, ka tsaya a kan kalmomi. "Zai samu damar ganin mai gyaran magana" ba ya ɗaure kowa. "Minti 45 kowane mako, shi kaɗai, tare da ƙwararren mai gyaran magana" shi ne abin da za ka iya tsayawa a kai. In kuma ka zaɓi fileksi alhali yana da takardar, sai an zauna bita an rubuta wane taimako ne zai faɗa ranakun makaranta, don hukuma na iya cewa ranakun gida ka ɗauke mata nauyi da kanka.

Kafin ka taso, tara duk rahoton likita da na makaranta, a fassara su Turanci. Doka ba ta ce sai an tabbatar da sunan lalura kafin a tantance ba, wannan kuwa alheri ne, don layin gwajin otizim a asibitocin gwamnati kan wuce shekara a wurare da yawa. Wani abu da za a iya jefa maka shi ne, "bari ya koyi Turanci tukuna mu gani." Gaskiya ne doka ta ce rashin jin Turanci kaɗai ba buƙata ta musamman ba ce. Rahoton da ke nuna cewa matsalar tana nan ko a harshen gida shi ke rufe wannan baki.

Yanzu ga abin da masu ba ka labari ba su lissafa ba. Sakandare ba firamare ba ce. Ana sa yaro aji bisa shekarunsa, ɗan 13 zai faɗa aji na 8 ko na 9, kuma a aji na 9 ake zaɓen darussan GCSE, jarrabawar kammala sakandare, da ake karantawa a aji na 10 da na 11. Shekarar karatu kwana 190 ce, mako 38. A makarantar da ke darasi biyar a rana, cire kwana biyu a mako na nufin kwana 76, darasi 380 a shekara. Kuma ba darasi ɗaya ne zai tafi ba. Lissafi da Turanci da kimiyya a warwatse suke cikin mako, makarantu da yawa ma jadawalin mako biyu suke bi, Talatar wannan mako ba irin ta mai zuwa ba ce. Yaro ya shigo Laraba ya tarar an fara sabon babi jiya, kowa ya gane sai shi. Ga mai otizim, wanda rashin sanin abin da zai faru shi ne babban abin da ke tada masa hankali, an je neman sauƙi an ƙara masa wuta.

Shawararmu ita ce a yanke bisa darussa, ba bisa ranaku ba. A ajiye darasi ɗaya ko biyu gaba ɗaya, misali harshen waje, yaro ya yi waɗannan sa'o'i a ɗakin taimako na makaranta ko a gida, sauran darussan kuma ya bi su ba yankewa. Kimiyya a bar ta a makaranta saboda gwaje-gwajen ɗakin bincike. Haka zane da girki da fasahar ƙere-ƙere, waɗanda wani kaso na makinsu daga aikin da malami ya gani da idonsa yake fitowa. GCSE shida da aka ci sun fi tara da aka taɓa sama-sama. Kwalejoji dai lissafi da Turanci a mataki na 4 (matakan GCSE daga 1 zuwa 9 ne) suka fi dubawa, wanda bai samu ba kuma zai ci gaba da karanta su bayan shekara 16.

Kafin ma a kai ga yanke wani abu, zauna da malamin da ke kula da buƙatu na musamman, wanda ake kira SENCO, kowace makarantar gwamnati ta gama-gari dole tana da shi. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa makaranta yin sassauci mai ma'ana. A bar yaro ya fita aji minti biyar kafin ƙararrawa don ya kauce wa cunkoson baranda, a ba shi katin fita in abu ya yi masa yawa, abin toshe kunne, ɗaki mai shiru lokacin cin abinci. Sau da yawa ba darasin ne ke karya yaro ba, tsakanin darussan ne. Akwai kuma ribar da ba a gani sai daga baya: sassaucin jarrabawa, kamar ƙarin lokaci kashi 25 cikin 100 ko mai karanta masa tambaya ko hutu a tsakiya, ana bayar da shi ne bisa shaidar cewa haka yaron ya saba aiki a aji. Wanda ba ya aji da wuya a tara masa wannan shaida.

In shugaban makaranta ya yarda da fileksi, a rubuta yarjejeniya. Ta faɗi sa'o'in da yaro zai zo, darussan da ke wuyanka, ko malamai za su turo aiki (ba dole ba ne a kansu), cewa makaranta ce za ta yi masa rajistar jarrabawa kuma ta biya, ranar bita kowane rabin zango, da sanarwar mako nawa kowane ɓangare zai bayar in zai janye. Tambayi batun mota tun da wuri, don motar da hukuma ke bayarwa galibi ta safe da ta tashi ce kawai, ɗaukar tsakar rana taka ce.

Kada ka fara ajiye shi a gida kafin a sa hannu. Kowace rana zama biyu ce a rajista, na safe da na rana. Zama 10 ba izini cikin mako 10 na karatu ya isa a duba batun tara: fam 80 in ka biya cikin kwana 21, fam 160 cikin kwana 28, kuma uba da uwa kowa tasa daban. Kada kuma ka bari a lallashe ka ka rubuta wasiƙar cire shi daga rajista "don gudun tara". Da ka cire shi, karatu da kuɗin jarrabawa sun koma kanka, gurbinsa kuma ya tafi. In rashin lafiya ce ta hana shi zuwa har kwana 15, a jere ko a rarrabe, sashe na 19 na dokar 1996 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ta shirya masa karatu.

Sai batun biza. Yaron da ya shigo a ƙarƙashin bizar aikinka yana da gurbi kyauta a makarantar gwamnati, kuma sharaɗin hana cin kuɗin tallafi bai shafi ilimi ko EHCP ba. Amma ya shafi alawus ɗin yaro mai naƙasa da na mai kula da shi, waɗanda iyalan nan da yawa ke dogara da su in uwa ta bar aiki ta zauna da yaro. Kai ba za ka same su ba. To wa zai zauna da shi Talata da Alhamis, kuma albashi ɗaya zai riƙe haya? Ku yi wannan lissafi da uwar yaran tun kuna gida. Ka kuma tabbatar irin bizarka na ba da damar taho da iyali: tun Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, a Maris ɗin shekarar kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya.

Da ka samu adireshi, nemi gurbi ta ƙaramar hukuma, a makon nan kuma ka tura wasiƙar neman tantancewa. Kowace hukuma tana da ofishin shawara kyauta ga iyaye mai suna SENDIASS, ƙungiyar agaji ta IPSEA, mai ba iyaye shawarar doka kan buƙatu na musamman, kuma tana da samfurin wasiƙar a shafinta. Duk abin da aka faɗa maka da baki a makaranta, ka bi shi da imel a ranar, ka ce ga abin da ka fahimta, su gyara in ba haka ba ne.

Allah ya kawo ku lafiya, ya raya mana yaron. A gaishe da iyali.