Tambaya da Amsa: Tirelar shaƙatawa ta sabon kamfani ta fi ta tsoho inganci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a jihar Ohio ta Amurka, kuma mun daɗe muna tara kuɗi domin sayen tirelar shaƙatawa, irin ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota, mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, domin mu riƙa fita da yara lokacin hutun makaranta. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne wani abokin aikina ya sayi sabuwa fil, amma kafin shekara ta zagayo rufinta ya fara yoyo, ta kuma shafe watanni a wajen dila tana jiran gyara. Yanzu ana ta yabon wasu sababbin kamfanoni, ana cewa aikinsu ya fi na tsofaffin. Shin da gaske ingancin ya lalace, kuma sayen ta sabon kamfani zai raba ni da wannan matsala?
Daga mai karatu a Columbus

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙorafin da kake ji yana da tushe, kuma abin da ya sami abokin aikinka ya sami mutane da yawa. Sai dai sabon suna a jikin tirela ba zai kare ka ba, domin yawancin sababbin kamfanonin daga cikin tsofaffin suka fito, a yanki ɗaya suke aiki, kuma wuri ɗaya suke sayen kayan haɗi.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan ɗakunan tafiya da ake ƙerawa a Amurka daga jihar Indiana suke fitowa, musamman gundumar Elkhart da kewayenta, maƙwabtanku ke nan ta yamma. Idan ka shiga filin dila za ka ga sunaye barkatai, ka zaci gasa ce mai zafi, alhali yawancinsu na gida biyu ne ko uku. Kamfanin Thor, wanda aka kafa a 1980 da sayen Airstream, shi ne ya mallaki Keystone da Dutchmen, ya kuma sayi Jayco a 2016. Forest River, wanda Peter Liegl ya kafa a 1996, yana hannun Berkshire Hathaway na Warren Buffett tun 2005. Waɗannan biyu kaɗai suna riƙe da fiye da kashi 70 cikin 100 na kasuwar, sai Winnebago da ke biye musu daga nesa.

Matsalar inganci ta girmi annobar korona, amma annobar ce ta ƙara fito da ita fili. Da mutane suka guji jirgin sama da otal, sai suka yi ca a kan tireloli, har masana'antu suka fitar da ɗakunan tafiya guda 600,240, waɗanda ake ja da masu injin kansu a haɗe, a 2021, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a tarihin sana'ar, kafin ya faɗo zuwa 313,174 a 2023. Ita kuwa tirela ba kamar ƙaramar mota ba ce da injuna ke haɗa mafi yawanta. Da hannu ake kafa ta, da ƙusa da sukuru da gam. A masana'antu da dama na Elkhart aikin jinga ake yi, ana biyan ma'aikata gwargwadon yawan tirelolin da layinsu ya kammala, su fito tun kafin asuba, su tashi da zarar sun cika adadin ranar. Wanda ladansa ke rataye a kan sauri ba zai tsaya yana sake duba sukurun da ya kauce wa katako ko bututun da bai ɗauru sosai ba, kuma ni ban ga laifin ma'aikacin ba kamar yadda na ga na tsarin. A shekarun cunkoson an ɗebi sababbin hannu da yawa, kayan haɗi sun yi ƙaranci, aka riƙa sa abin da ya samu.

Babban abokin gabar tirela shi ne ruwa, kuma ya kamata ka fahimci dalili. Rufin yawancinsu shimfiɗar roba ce a kan siririn katako, an huda ta wurare da yawa domin na'urar sanyaya ɗaki da tagogin iska da bututai, kowace huda kuma danƙon liƙi ne kawai ke tsare ta. Tirela tana jijjiga a kan hanya, rana ta gasa ta, sanyin hunturu ya ƙanƙance ta, sai danƙon ya tsage. Idan ruwa ya shiga bangon da aka yi da faiba, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, a manne kan katako, katakon yakan kumbura, gam ya saki, bango ya yi tozo, kuma gyaran wannan yakan ci kuɗi mai yawa. Abin da dila ba ya cika faɗa shi ne takardar garanti kan ɗora wa mai tirela nauyin duba danƙon akai-akai, don haka idan ruwa ya yi ɓarna kamfani na iya cewa sakacinka ne.

Game da sababbin kamfanonin, tarihin Grand Design ya isa misali. Don Clark da 'yan'uwa biyu, Ron da Bill Fenech, waɗanda suka fito daga Keystone, su ne suka kafa shi a 2012 da alkawarin kyautata aiki da kula da mai saye, ya yi suna cikin ɗan lokaci, sai Winnebago ya saye shi a 2016 a kan kimanin dala miliyan 500. Daga baya masu wasu manyan tirelolinsa suka riƙa kukan cewa firam ɗin ƙarfe na gaba yana lanƙwasa fiye da kima, har hukumar kula da lafiyar motoci ta tarayya, NHTSA, ta buɗe bincike a 2024. Waɗanda ake yabo yanzu su ma 'yan gida ne. Alliance, na 2019, 'yan'uwa Coley da Ryan Brady ne suka kafa shi, kuma mahaifinsu yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin tirela na Heartland. Ember, na 2021, Ashley Bontrager Lehman, jikar waɗanda suka kafa Jayco, tana cikin waɗanda suka kafa shi. Brinkley kuwa, na 2022, Ron Fenech ɗin nan na cikin masu shi. Firam da aksul da firji da na'urar sanyaya ɗaki da suke sawa galibi daga kamfanoni irin su Lippert da Dexter da Dometic suke, waɗanda su ne ke sayar wa tsofaffin.

Duk da haka ba zan rage musu haƙƙinsu ba. Ƙaramin kamfani da ke neman suna yakan tafi a hankali, yakan amsa waya, kuma wasunsu sun kawo gyara na gaske, kamar yadda Ember ya rage katako a bango da daɓe ya koma ga allunan roba da ba sa ruɓa. Wannan riba ce. Haɗarin yana wani gefe: garanti ba ya wuce ran kamfanin da ya ba da shi. A 2009, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe har rashin aiki a Elkhart ya doshi kashi 20 cikin 100, manyan sunaye irin su Fleetwood da Monaco sun karye, masu kayansu da yawa suka rasa inda za su kai kuka. Sabon kamfani kuma dilolinsa kaɗan ne, alhali dila da yawa kan fifita wanda ya saya a hannunsu wajen layin gyara, saboda haka ka fara sanin nisan dila mafi kusa da gidanka.

Kada ka dogara da doka fiye da kima. Dokokin jihohi da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa, a jihohi da yawa ba su shafi tirelar da ake ja ba. Tambarin ƙungiyar masana'antun, RVIA, da za ka gani kusa da ƙofa, shaida ce ta bin ƙa'idojin gas da lantarki da ruwa da kariya daga gobara, ba ta ce komai game da kyawun aikin kafinta ba.

Shawarata ita ce ka guji cinikin biri a sama. Tireloli biyu masu suna ɗaya daga layi ɗaya na iya bambanta ƙwarai, don haka wadda za ka ja zuwa gida ita za ka bincika, ba ta nuni ba. Ka ɗauki ƙwararren mai duba tirela mai zaman kansa, irin masu shaidar ƙungiyar NRVIA, ko da sabuwa ce, ya hau rufi, ya gwada bango da na'urar auna danshi, ya cika tankuna da ruwa, ya kunna gas da lantarki da kowane ɓangaren ɗaki mai zamewa waje. Duk abin da aka gano a gyara shi kafin ka sa hannu, domin bayan an karɓi kuɗinka layi za ka bi. Ka shigar da lambar shaidar tirelar mai harafi da lamba 17 a shafin NHTSA ka ga ko kamfani ya kira ta domin wani gyara da ba a yi ba tukuna. Ka kuma karanta 'yar takardar rawaya da ke nuna nauyin kayan da za ta iya ɗauka, ka tuna cewa kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, sannan ka gwada jimlar da ƙarfin motarka. Idan iyalinka ba su da yawa, ka leƙa masu jikin faiba da aka zuba a mazubi, irin su Casita na Texas da Scamp na Minnesota da Oliver na Tennessee. Ƙanana ne, wasunsu da tsada, amma mahaɗarsu kaɗan ce, ƙofofin ruwa ma kaɗan.

TAMBAYA: Malam, an yi mini tayin tirela ta hannu ƙirar 2021 a farashi mai sauƙi, amma ana ce mini in guji duk ƙirar wannan shekara. Haka ne?
Daga mai karatu, wata uwa a Houston

AMSA: Hajiya, shekarar dalili ce na ƙara sa ido, amma ba ta isa ta yanke hukunci ba. Tirelar da mai ita ya yi amfani da ita ya kuma gyara kurakuran masana'anta tana iya fin sabuwa kwanciyar hankali, sai dai garantin shekara ɗaya da yawancinsu ke zuwa da shi ya daɗe da ƙarewa, duk abin da ya ɓaci daga aljihunki ne. Ki nemi takardun gyara da na duba rufi. Ki taka daɓe a kusurwoyi da gaban banɗaki ki ji ko yana lotsawa, ki buɗe akwatunan sama ki shinshina ko akwai warin fumfuna. Ki duba lambobi huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara; idan tayoyin asali ne na 2021, ki cire kuɗin sababbi daga farashin ko da haƙoransu ba su cinye ba, musamman a zafin Texas. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a kawo mai duba ta, ki bar masa abarsa.