Tambaya da Amsa: Sistocin Compiègne a Faifan Bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar adabin Faransanci ce a Yamai. An ce mu kalli opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa) ta Francis Poulenc mai suna Dialogues des Carmélites, sai na tarar an ɗauke ta a faifai kala-kala. Shin labarin gaskiya ne? Kuma da wane faifai zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gindin labarin gaskiya ne. Ranar 17 ga Yuli 1794, a tsakiyar juyin juya halin Faransa, aka fille kan mata 16 a birnin Paris, 'yan gidan sistocin Karmel da ke garin Compiègne, kwana goma kacal kafin faɗuwar Robespierre, jagoran juyin a lokacin. An binne su a maƙabartar Picpus, kuma a Disamba 2024 Fafaroma Francis ya sanya su cikin waliyyan cocin Katolika. Amma jarumar wasan, Blanche de la Force, ƙirƙira ce. Marubuciyar Jamus Gertrud von le Fort ce ta ƙago ta a 1931, marubucin Faransa Georges Bernanos ya gina nasa rubutun a kai, Poulenc kuma ya ɗora kiɗa, aka fara nunawa a gidan opera na La Scala da ke Milan a Janairun 1957.

Kafin ki zaɓi faifai, ki riƙe abu ɗaya, in ba haka ba ƙarshen zai wuce ki. Blanche matsoraciya ce. Tsoron duniya ne ya kai ta gidan sistoci. A ƙarshen kashi na farko, tsohuwar shugabar gidan, Madame de Croissy, wadda ta shafe shekaru tana shirin mutuwa, ta mutu cikin firgici da kururuwa. Daga baya ƙaramar sista Constance ta kawo shawarar cewa wataƙila an ba tsohuwar mutuwar da ba tata ba, kamar a miƙa wa mutum rigar wani, don wata ta sami mutuwa mai sauƙi. Wadda za ta sami mutuwa mai sauƙin ita ce Blanche. Saboda haka ki auna kowane faifai da wurare biyu: gadon mutuwar tsohuwar, da mintocin ƙarshe.

Mu dai shawararmu ki fara da na Metropolitan Opera ta New York na 2019, tsarin John Dexter wanda ya faro tun 1977. Da Faransanci ake rerawa, Yannick Nézet-Séguin ke jagorantar makaɗa, Isabel Leonard ce Blanche. Daɓen dandamalin farin gicciye ne ƙato, kuma da an ɗaga labule za ki ga sistocin kwance rub da ciki a kansa, hannuwa a buɗe. Karita Mattila ce tsohuwar, kuma a nan kyamara ta yi rana: tana kusa da fuskarta har ki ga yadda numfashi ke sarƙe mata tsakanin kalma da kalma, abin da mai zaune a bayan zaure ba zai taɓa gani ba. Illar kusancin ita ce duk lokacin da aka matso kan fuska ɗaya, gicciyen ya ɓace daga allo.

Na biyu ki nemi tsarin Robert Carsen da 'yan wasan La Scala suka yi a Milan a 2004 tare da Riccardo Muti. Babu na'urar fille kai a dandamali. Sistocin na sanye da farare, suna motsi a hankali kamar rawa, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na Dmitri Tcherniakov da aka yi a Munich a 2010 kuwa ki bar shi sai kin san labarin, domin ya juya ƙarshen: Blanche ce ke janyo sistocin daga wata bukkar katako da iskar gas ta cika, ita kaɗai ta mutu. Magadan Poulenc da Bernanos sun kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara a Paris ta hana sayar da faifan a 2015, babbar kotu ta soke hukuncin a 2017.

Tambaya: Na kalli ƙarshen a waya. Saran gilotin, wato na'urar fille kai, ba ya tafiya da kiɗan, kuma da ƙyar nake jin sa. Faifan ne ya lalace? Mai karatu daga Damagaram.

Amsa: Malam, faifanka lafiya lau. Da gangan Poulenc ya warwatsa saran don kada kunne ya iya hasashen lokacin da zai sauko. Sistocin na rera waƙar addu'ar Salve Regina, kowane sara sai murya ɗaya ta fita, har ya rage Constance ita kaɗai. Bayan an yanke tata muryar sai Blanche, da ta fito daga cikin taro, ta ɗauki baitin ƙarshe na wata waƙar addu'a mai suna Veni Creator, ita ma a katse ta. Ƙarar ba daga ainihin wuƙa take fitowa ba. A bayan fage ake yin ta, da na'ura ko da sautin da aka naɗa, kuma dole mai sakinta ya bi takardar kiɗa daidai. In ya makara ko da ƙiftawar ido, za a ga mace ta faɗi ko ta yi shiru kafin a ji saran, wasan ya zube.

Rashin jin kuwa laifin lasifikar waya ne. Saran kashi biyu ne, zamewar ƙarfe sannan dukan ƙasa mai kauri, kuma ƙaramar lasifika ba ta fitar da mai kaurin. Ka sa abin saurare a kunne, ka daidaita ƙarfin sautin a wurin da sistoci ke rerawa a hankali, kada ka sake taɓa shi.

Tambaya: Me ya sa faifan da mawaƙiya Jessye Norman take ciki da Turanci ake rerawa?

Amsa: Na Metropolitan ne na 1987. Poulenc da kansa ya so a riƙa rera wasan da harshen masu kallo, shi ya sa ma nunin farko a Milan da Italiyanci aka yi shi, na Faransanci sai a watan Yunin 1957 a Paris.