Wane Sinadari Zan Zuba A Tankin Dizal?

TAMBAYA: Malam, babbar motata ta fara hayaƙi, kuma da safe sai na sha fama kafin ta tashi. An ce in riƙa zuba sinadari a tankin mai. Wanne zan saya? — Wani direba

AMSA: Ɗan'uwa, kafin ka sayi komai, kwance matatar mai ka duba ko akwai ruwa. Na fi tsoron ruwa a kan komai: shi ke kawo tsatsa, kuma a mahaɗarsa da mai ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, su zama baƙin kitse mai toshe matata. In ka ga wannan, tsiyaye tankin, ka zuba maganin kashe su, sannan ka sauya matata.

Hayaƙin kuwa, sau da yawa dattin nozul ne, wato bakin da ke fesa mai cikin injin. Nemi sinadarin wanke nozul wanda yake kuma ƙara wa mai santsi, domin dizal mai ƙarancin sulfa bai cika ba famfon mai santsi ba, alhali injinan zamani na tura mai da matsin da ya kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne).

Guji sinadarin da ke da barasa a ciki. Bi awon da ke jikin kwalba, kada ka ƙara. In nozul ya riga ya cinye, sai dai makanike ya sauya shi.