Zan tafi aikin Hajji: ko in bar karena a gidan mai riƙon karnuka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da karen gadi ɗan shekara biyu a gidana da ke Ƙofar Ƙaura a Katsina. Nan da makonni shida ni da maiɗakina za mu tafi aikin Hajji, yara za su koma wajen kakarsu, gidan kuma zai kasance a rufe fiye da wata guda. An haɗa ni da wani saurayi da yake karɓar karnukan mutane yana riƙewa a gidansu ana biyansa, yanzu haka akwai huɗu a hannunsa. Ya ce duk an yi musu allura, nawa ma an yi masa tun yana ɗan kwikwiyo. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya, domin akwai ƙananan yara a gidan, kuma ina tsoron kada karen ya kwaso cuta ko ya ciji wani ina can. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibada. Tsoron da kake ji yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka kawo tambayar saura makonni shida, domin da sai ana jibi tafiya ka zo, da rabin abin da zan faɗa bai yi maka amfani ba. Ana iya barin kare a hannun mai riƙo ya yi wata guda lafiya lau, amma ba a kan maganar fatar baki ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne wannan magana ta "duk an yi musu allura", kuma ka yi haƙuri, a kanta zan daɗe.

Da wuya rana ta fito ta faɗi ban ji wannan magana a asibiti ba. Idan na tambayi wace allura ce, wane ne ya yi ta, a wane wata, kuma ina katin, sai a yi shiru, ko a ce ai wani likita ne yake zagayowa a kan babur. Na sha karɓar kwalaben da irin waɗannan mutane suke bari ina dubawa. Sau tari allurar kashe tsutsar ciki da kaska ce, irin wadda ake yi wa awaki, ko kuma mai ruwan ɗorawar nan mai kauri da ake yi wa dabba idan tana zazzaɓi. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta kare kare daga ciwon hauka. Wanda ma ya zo da riga-kafin na gaskiya, idan ya ciro shi daga aljihu ko daga akwatin babur da ya wuni a rana, to ruwa kawai ya ɗura wa karen, domin wannan magani ana ajiye shi ne a sanyin ma'auni 2 zuwa 8, daga firji zuwa kula mai ƙanƙara, har lokacin da za a zuƙe shi a sirinji. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, mutumin da bai yi wa karensa allura ba ya san bai yi ba, saboda haka yana taka-tsantsan, amma wanda aka yaudara da allurar bogi ya saki jiki, har ya bar ɗansa yana wasa da karen da aka ciza a bola shekaranjiya.

Ko da wadda aka yi wa naka tun yana ƙarami ta gaskiya ce, Malam, lokacinta ya wuce. A ƙasar nan ana fara riga-kafin haukan kare idan ɗan kwikwiyo ya cika wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Naka yana da shekara biyu, ke nan an tsallake aƙalla guda. Ka kai shi asibitin dabbobi a cikin makon nan, kada ka bari sai daren tafiya, domin jiki yana buƙatar makonni uku zuwa huɗu kafin ya gina kariya sosai. Ka tsaya a gabanka a ciro kwalbar daga sanyi, a ɓare 'yar takardar da ke jikinta mai lambar magani da ranar ƙarewar aiki a manna a kati, likita ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Irin wannan kati za ka nemi saurayin ya nuna maka na kowane kare cikin huɗun, ɗaya bayan ɗaya, sunan kare da kamanninsa su dace da wanda kake gani a tsakar gida.

Ba tsanani nake yi don son tsanani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, wato tsoron ruwa, firgita da dalalar miyau, babu asibitin da zai iya ceto shi, a nan ko a Turai. Amma tun 1885, lokacin da masanin kimiyya Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a kan wani yaro a Faransa, aka san cewa wanda aka yi wa allura da wuri bayan cizo yana tsira. Ciwon yana iya ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane suke ganin rauni ya warke su ɗauka magana ta ƙare.

Kuma kada saurayin nan ya zaci mahaukacin kare sai wanda yake bin mutane da gudu yana kai cizo. Akwai nau'in da kare yake yin laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, bakinsa a buɗe yana zubar da miyau. An taɓa kawo mini irin wannan a bayan mota, mai shi yana ce mini ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, alhali shi da ɗansa duk sun riga sun cusa hannu cikin bakin suna lalube, ga ƙujewa a yatsun yaron. Kafin in duba karen, asibitin mutane na fara tura su.

Saboda yaran da ke gidan, ka zaunar da saurayin ka gaya masa abin da za a yi idan aka yi cizo, ko da ƙarzanewar haƙori ce kawai. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, a duba agogo, sannan a wuce asibiti a ranar domin fara allura. Kada a yanko gashin karen a ƙona a shafa, kada a ɗaura ganye ko a zuba man birki, kada kuma a jira a ga yadda hali zai yi. Addu'a muna yinta, amma tare da tafiya asibiti. Shi kuma karen kada a taru a kansa da sanduna a jefar da gawar a kwata. A killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi: idan ya cika kwanakin yana ci yana sha, ba shi da ciwon a miyansa ranar da ya yi cizon. Idan ya mutu, kada a fasa kan, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa, kuma likita ya san yadda zai aika da ita ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Sauran abubuwan idonka ne zai gaya maka, don haka ka je gidan ba tare da ka sanar ba, kuma da tsakar rana. Tafiyarku ta faɗo cikin zafi, ka kuma san bazarar Katsina takan haura ma'auni 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, saboda haka kejin kwano a tsakiyar rana yana iya kashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Ka duba ko akwai inuwa ta gaske, ko ruwan da ke kwano mai tsabta ne, ko kowane kare yana da wurinsa da kwanonsa, ko kuwa an tara su wuri guda suna faɗa a kan abinci. Ka ɗaga kunnen ɗaya daga cikinsu ka leƙa, ka duba tsakanin yatsu da tsagogin bango, nan kaska take ɓuya, kuma ita ce take kawo ciwon da ke shanye jinin kare har dasashinsa ya yi fari. Ka tambaye shi da me yake kashe ta. Idan ya ambaci fiya-fiya ko maganin feshin gona, kada ka bar masa karenka. Ka tambaya kuma ko an taɓa yin gudawar jini da amai a gidan, domin ƙwayar cutar fabo, wadda take kawo wannan gudawa da amai, tana iya yin watanni a cikin ƙasa, shi ya sa za ka roƙi likita ya sabunta masa haɗaɗɗiyar allurar fabo da distemfa (wata muguwar cutar karnuka) a rana guda da ta hauka.

Katanga ma abin dubawa ce. Karen gadi da aka raba da gidansa yakan shafe kwanakin farko yana neman hanyar komawa, kuma idan ya tsallake ya shiga cikin karnukan unguwa, duk abin da muka tsara ya rushe. A rufe shi inda yara ba sa kaiwa, babba ne kawai zai riƙa ba shi abinci. Ka kai shi ya kwana ɗaya ko biyu a can tun kana gari, ka ga yadda zai dawo. Ka bar masa abincin da ya saba da shi, ka kuma ja kunnen saurayin a kan ƙashin kaza dafaffe, abinci mai albasa da yawa, da magungunan ciwon jiki na mutane da ake saye a kemis, waɗanda suke lalata wa kare ciki da ƙoda.

Ku rubuta yarjejeniya a takarda, da lambar likitan dabbobi da ta wani ɗan'uwanka da zai iya yanke shawara ya kuma biya kuɗin magani ba sai an same ka a Mina ko Arfa ba. Idan kuwa saurayin ya kasa fito da katunan nan huɗu, ko ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, to ka bar karen a gidanka inda ya saba, ka sami babban mutum da karen ya sani ya riƙa zuwa safe da yamma yana ba shi abinci, yana canza masa ruwa, yana share wurin, ka kuma bar masa katin allurar a hannunsa.