Ƙuri'ar jin ra'ayi tun kafin zaɓen fidda gwani: ilimi ce ko duba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Tawa. A fadarmu muna sauraren labaran duniya a rediyo bayan isha'i, kuma duk lokacin da zaɓen Amurka ko na Faransa ya doso sai mu ji an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wai wane ne kaɗai cikin masu neman jam'iyya ta tsayar da su zai iya kayar da abokin hamayya. Alhali saura fiye da shekara a yi zaɓen, ko na fidda gwani ba a yi ba. Mun yi gardama har shayi ya huce. Abokina ya ce lissafi ne na ilimi, ba ya kuskure. Ni kuma na ce duba ce irin ta bokaye, kwat kawai aka sa mata. Wa ke da gaskiya?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, a gaida ƴan fada. Abokinka ya kama wani ɓangare na gaskiya, domin lissafin da ke ƙarƙashin wannan aiki ingantacce ne. Amma in dai maganar ita ce a faɗi wanda zai ci zaɓe tun saura shekara ko fiye, to ka fi shi kusa da gaskiya. Abin da irin wannan ƙuri'a take aunawa a wannan lokacin, galibi, shi ne sunan wa mutane suka sani.

Ku da ke jihar Tawa kun fi ni sanin cinikin albasa. Mai sayen buhun albasar Galmi ba ya zazzage buhun ya ƙirga ɗaya-ɗaya. Yana sa hannu ya ɗebo kaɗan, daga nan ya san abin da zai biya. Sai dai in daga bakin buhun kawai ya ɗeba, inda aka jera manya-manyan, an ci shi. Dole hannu ya kai tsakiya, ya kai gindi. Haka aikin nan yake. Idan aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar da kowane ɗan ƙasa yake da damar faɗowa a ciki, amsarsu za ta yi kusa da ta ƙasar baki ɗaya, da kuskuren da bai cika wuce maki 3 sama ko ƙasa ba. To ka ga ke nan in ka ji an ce wane yana da kashi 47 cikin ɗari, wane kuma 45, babu wanda yake gaba, kunnen doki ne, ko da mai karanta labarai ya ce wane "ya yi zarra". Sannan a maganar fidda gwani ba duka mutum dubun ake ƙirgawa ba, sai ƴan jam'iyyar da ke cikinsu. In su 400 ne, kuskuren ya kai maki 5.

Yawan waɗanda aka tambaya ba ya gyara mummunan ɗiba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo mata, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Sunayen kuwa yawanci daga littafin masu wayar tarho da rajistar masu mota ta samo su, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Bakin buhu ta ɗeba. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48.

To amma ko an ɗebo daidai, akwai matsalar da lissafi ba ya magancewa, wato lokaci. Ana tambayar mutum yau abin da zai yi baɗi, a kan mutanen da rabinsu bai taɓa jin muryarsu ba. Me zai ce? Zai ambaci sunan da ya saba ji. A farkon 2003 Joe Lieberman ne ke gaba a cikin ƴan Democrat, don kawai shi ne ya tsaya mataimakin Al Gore a 2000. Ko jiha ɗaya bai ci ba. Rudy Giuliani, wanda yake magajin garin New York ranar harin 11 ga Satumban 2001, ya shafe kusan duk shekarar 2007 yana kan gaba a jam'iyyar Republican, ana ta cewa shi ne zai iya karawa da Hillary Clinton, wadda ita ma take gaba a nata ɓangaren. Masu sharhi sun cinye watanni suna auna wannan karawar. A ƙarshen Janairun 2008 Giuliani ya janye bayan ya zo na uku a Florida, kuma da Nuwamba ta zo John McCain da Barack Obama ne a kan takardar zaɓe.

Na Faransa ma kun ji su a rediyo. A Janairun 1995 kowa ya ɗauka Édouard Balladur ya gama shiga Élysée, fadar shugaban ƙasar Faransa. Ko zagaye na biyu bai kai ba, Jacques Chirac ya ci. A 2011 Dominique Strauss-Kahn ne gwanin alƙaluma har zuwa watan Mayu da aka kama shi a New York, sai ga François Hollande, wanda ba a cika lissafawa da shi ba, ya ci fidda gwani a Oktoba. A 2016 an yi ta cewa Alain Juppé ne, sai François Fillon ya doke shi a Nuwamba, alƙaluma suka koma kan Fillon, sai a Janairun 2017 batun albashin da aka riƙa biyan matarsa ya fashe, mulki ya faɗa hannun Emmanuel Macron. A waɗannan duka ba lallai ne masu tambaya sun yi ƙarya ba. Sun faɗi abin da ke zukatan mutane a ranar, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu ga inda nake so ka sa ido sosai, domin nan ne tambayarka ta fi nauyi. Tambayoyi iri uku ake yi, rediyo kuma takan haɗe su ta kira su da suna ɗaya. Akwai "wa za ka zaɓa a fidda gwani?" Akwai "in wane da wane suka tsaya, wa za ka ba ƙuri'arka?" Sai ta uku, wadda ita ce ta cancantar cin zaɓe: "wa kake ganin zai iya kayar da ɗaya ɓangaren?" A biyun farko mutum yana faɗin abin da ke ransa. A ta uku kuwa an mayar da shi mai duba, yana cankar abin da ke ran maƙwabcinsa. Daga ina ya samo amsar? Daga abin da ya ji a labarai. Labaran daga ina suka samo? Daga ƙuri'ar da aka yi watan jiya. Sai abin ya zama kare ne ke bin wutsiyarsa. Wanda aka ce zai iya ci, masu kuɗi su ba shi gudummawa, ƴan jarida su bi shi, a ƙara sanin sunansa, ƙuri'a ta gaba ta sake cewa shi ne. Wanda aka ce ba zai iya ba, ko masu son sa sai su ce kada mu zubar da ƙuri'armu.

Wannan canke yana rushewa da dare ɗaya. A 2007 baƙaƙen fatar Amurka da yawa suna son Obama a zuci, amma suna shakkar ko fararen fata za su zaɓe shi, saboda haka suka tsaya wajen Hillary. Ranar 3 ga Janairun 2008 ya ci Iowa, jihar da fiye da kashi 90 na mutanenta farare ne. Kafin watan ya ƙare ya lashe South Carolina da gagarumin rinjaye. Mutumin bai canza ba cikin makonni uku, abin da mutane suke zato game da junansu ne ya canza.

Sau da yawa kuma wanda aka tsayar don "shi ne zai iya" yakan sha ƙasa. ƴan Democrat sun bar Howard Dean a 2004 sun rungumi John Kerry, wai tsohon sojan yaƙin Vietnam ne, shi zai iya da George Bush. Bush ya ci. ƴan gurguzun Faransa sun ba Ségolène Royal kusan kashi 60 a Nuwamban 2006, kuma babban dalilin da yawansu shi ne alƙaluma sun nuna ita ce za ta iya da Nicolas Sarkozy. A Mayun 2007 ta tashi da kusan kashi 47.

Kada dai ka koma fada ka ce Malam ya ce duk shirme ne. Donald Trump ya hau gaba a jam'iyyarsa tun Yulin 2015 kuma bai sauka ba sai na ɗan lokaci, masana suna ta cewa kumfa ce za ta faɗa. Alƙaluman ne suka yi gaskiya, masanan suka ji kunya. Joe Biden ma ya riƙe gaba kusan duk 2019, ya zo na huɗu a Iowa da na biyar a New Hampshire, aka fara yi masa ta'aziyya, sai South Carolina ta tashe shi a ƙarshen Fabrairun 2020. Idan ɗan takara sananne ne ga kowa, ratarsa babba ce, kuma ta daɗe watanni a ƙuri'un kamfanoni daban-daban, to akwai magana a ciki. Wadda nake cewa ka riƙe da hannun hagu ita ce ta "wa zai iya cin babban zaɓe".

Akwai kuma tsarin zaɓen kansa. A Amurka jiha-jiha ake ci, don haka ƙuri'ar da ta auna ƙasar baki ɗaya tana iya yin daidai a kuma rasa kujera. A 2016 Hillary ta fi Trump yawan ƙuri'u da kusan miliyan 3, amma ta faɗi a Michigan da Wisconsin da Pennsylvania da ratar da jimillarta ba ta kai dubu 80 ba. Mu nan, kafin juyin mulkin 2023, namu zagaye biyu ne, kuma dattawan fadarku za su tuna 1993. Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko da kusan kashi 34, Mahamane Ousmane na biye da kusan 27. Sai jam'iyyun ƙawancen AFC, har da ta Mahamadou Issoufou da ya zo na uku, suka haɗu a bayan Ousmane, ya ci da fiye da kashi 54. Da wani ya yi tambaya shekara guda kafin nan, amsar ba ta cikin bakin waɗanda zai tambaya, tana cikin ɗakin da shugabannin jam'iyyu za su zauna su sasanta. Balle ma a can baya jam'iyyunmu a babban taro suka saba tsayar da ɗan takara, ba a fidda gwani irin na Amurka ba.

Tambayar mutane a ƙasarmu ma da wuyarta. Na taɓa bin gida-gida da takardun bincike a wata unguwa ta bayan garin Yamai. Ƙa'idar zaɓen wanda za a tambaya ta faɗa kan uwargida, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, maigida ya jawo kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa da carbinsa. Duk tambayar da na yi sai ta ɗaga ido ta dube shi kafin ta buɗe baki, da muka zo kan siyasa kuwa ta ce, "Abin da Alhaji ya ce." A gida na gaba tsohon da na tarar bai bar ni na gama gabatar da kaina ba ya ce, "Yaro, gwamnati ce ta aiko ka, ko masu rabon shinkafa?" Kowace ya zata a cikin biyun, amsarsa za ta bi ta. Ana yin aikin kirki duk da haka: ƙungiyar binciken ra'ayin jama'a ta Afrobarometer, tare da cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, ta sha tambayar mutum 1,200 ido da ido, birni da ƙauye, cikin harsunan gida. Wannan daban yake da abin da ake turowa a WhatsApp ko Facebook a ce danna hoton gwaninka, inda mai salula uku yake zaɓe sau uku, manomin da ba shi da intanet kuma ba a san da shi ba.

Saboda haka in an sake karanto muku irin wannan labari, kafin a zuba shayi na biyu ka tambayi abokinka wa ya biya kuɗin binciken, domin ƴan takara ma suna sa a yi musu su saki wanda ya yi musu daɗi. Ka tambaye shi mutum nawa aka tambaya, da wace cikin tambayoyin nan uku aka yi musu. Ka fi matsa masa a kan adadin waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba, ko ba su san ɗan takarar ba sam. Wannan adadin yana cikin cikakken rahoton da kamfanin yake fitarwa, amma ba kasafai yake shiga labaran minti biyu na rediyo ba.