Filin Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Jo Bonfrere, ɗan wasa kuma koci

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna yawan musu a majalisarmu a kan Baturen Holan da ya ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta 1996. Wasu na cewa Westerhof ne, wasu kuma Bonfrere. Wane ne a cikinsu, kuma shin ya taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Waɗanda suka ce Bonfrere su ne da gaskiya, kodayake ruɗanin yana da dalili, domin mutanen biyu 'yan ƙasa ɗaya ne kuma sun yi aiki tare. Clemens Westerhof shi ne babban kocin da ya ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya kuma kai Najeriya gasar cin kofin duniya karo na farko a shekarar, Bonfrere yana mataimakinsa.

An haifi Johannes Bonfrere a 1946 a garin Eijsden da ke kudancin Holan, dab da iyakar Beljiyam. Ɗan wasan tsakiya ne, kuma tun daga 1963 har ya rataye takalmi ƙungiya guda ya yi wa wasa, wato MVV ta birnin Maastricht, inda ya buga wasannin lig sama da 300. MVV ba sa'ar Ajax ko Feyenoord ba ce, shi ma bai taɓa sa rigar babbar tawagar ƙasarsa ba, shi ya sa sunansa bai fito ba sai da ya koma horarwa. A Najeriya har tawagar mata ya jagoranta zuwa gasar duniya ta farko a Sin a 1991.

Abin da ya ɗaukaka shi dai shi ne gasar Olamfik ta 1996 da aka yi a birnin Atlanta na Amurka. A wasan kusa da na ƙarshe Brazil tana gaba da ci 3 da 1 har saura kusan minti 12 a tashi, sai Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe, sannan ya sake jefa ƙwallon da ta raba gardama a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe ranar 3 ga Agusta, sau biyu Ajantina tana shiga gaba, 'yan Kaduna biyu, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, suna farkewa, kafin Emmanuel Amunike, wanda kocin ya sako daga benci, ya ci ta ukun. Wannan ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik. Akwai masu cewa ko wa aka ba waɗannan yara zai ci kofi. Ni ban yarda da wannan magana ba, domin Brazil ɗin da aka doke tana da Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos, kuma tawagar da ake ci har sau uku ta ƙi karaya, ta ci gaba da kai hari, lalle akwai hannun mai horar da ita a cikin wannan dakiya.

Dawowarsa a matsayin kocin Najeriya a 1999 ba ta yi armashi haka ba. Ya kai Najeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas, bayan Tijjani Babangida ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe, amma Kamaru ta ɗauke kofin a bugun fenareti bayan an tashi 2 da 2, inda alƙalin wasa ya hana ƙwallon Ikpeba wadda hotunan talabijin suka nuna ta tsallake layi. An sallame shi a 2001 bayan Saliyo ta doke Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi, Shuaibu Amodu ya gaje shi.

Daga baya ya yi aiki da Al Ahly ta Masar, sannan ya karɓi Koriya ta Kudu a 2004, ya samo mata gurbi a gasar duniya ta 2006, amma suka ya yi masa yawa har ya ajiye aikin a watan Agusta na 2005, wani ɗan Holan, Dick Advocaat, ya tafi da tawagar Koriyar zuwa gasar a Jamus.